Sawun Gado da Na Shafe da Ƙafata

Ku samarin da kuke zuwa ƙofar gidana da la'asar, kuna ɗaga salula kuna ɗaukar 'yan kokawa suna tsuguno, na ji abin da kuke faɗa a fadarku. Wai aikin Baba Tankari ba wuya, zama ne a kan benci yana cewa sauka, tashi, sauka, tashi. Har ɗayanku ya ce in aka ba shi usur, gobe zai buɗe nasa filin. Ban ji haushi ba, ni ma haka na ɗauka da nake kamarku. Karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, ba, ku yi haƙuri da rubutun. Amma ku karanta har ƙarshe, domin akwai abin da na yi wanda ba na son wani cikinku ya maimaita.

Aikin farko da maigidana Baba Maidanda ya ba ni a Matankari shi ne jiƙa ƙasa. Na je wurinsa ina da shekara sha tara, ina jiran ya nuna mini kamun da ake kada ƙato, sai ya miƙo mini bokiti da guntun katako. Kowace safiya in ɗebo rairayi a fadama, in tankaɗe tsakuwa, in zuba a wani gurbi mai faɗin tabarma, in yayyafa ruwa, in bi da katako har ya kwanta sumul. Kada ya yi caɓi, kada ya bushe. In ka dunƙula ya riƙe, in ka taɓa ya watse. Ɗan kokawa zai hau ba takalmi, ya tsuguna sau talatin, sannan ya fita da baya a hankali. Sai Baba ya durƙusa da tsinken kara, ya auna zurfin dunduniyar dama da ta hagu.

Rana ta farko ya ce da ni, "Mi ka gani?"

Na ce, "Sawu, Baba."

"Sawu! Akuya ma ta ga sawu. Wace ƙahwa ka aiki, wace ka kallo?"

Shekara biyu na yi ina jiƙa wannan gurbi kafin in iya ba shi amsa ba tare da tsinke ba.

Ni ba maɗori ba ne, ba kuma lokotoron asibiti ba. Aikina yana farawa inda nasu ya ƙare. Mutum ya ji ciwo a gwiwa, an ɗaure an kwance, kumburi ya saɓe, yana tafiya ba ɗingishi, kowa ya ce ya warke. To ka ce ya tsuguna. Za ka ga ƙugunsa yana zamewa gefen ƙafar mai lafiya, shi kuwa bai sani ba, zai rantse maka daidai yake. Ciwon ya tafi, tsoronsa ya zauna a jiki. Ƙafar da ta ji ciwo tana hutawa tana ramewa, mai lafiya tana ɗaukar kayan mutum biyu. Wadda kowa ke lallashi ba ita nake tsoro ba. Wadda ba wanda ke tambayar lafiyarta nake tsoro.

Kayan aikina kun gan su, kuna musu dariya. Turmi uku ne da suka tsage, na roƙa wurin mata na kifa su: dogo, matsakaici da gajere. Mai ciwo yana fara sauka a kan dogon, ya taɓa shi da ɗuwawu ya tashi, ba ya zama. Sai sawunsa ya daidaita a nan zan sauko da shi kan na biyu. Akwai igiya da dutse a bakinta, rataye a reshen itacen bedi, irin ta magina, tana saukowa daidai tsakiyar bayansa, in ƙugu ya gudu zan gani. Akwai robar tayar babur, da bulo biyu, da buhun rairayi. Sai gurbin, wanda shi ne alƙali.

Ba 'yan kokawa kaɗai ke zuwa ba. Masu kabu-kabu da suka faɗi suna zuwa, manoma suna zuwa. An taɓa kawo mini wata tsohuwa daga Lugu da ta faɗo daga amalanke. Da ta ga ƙarti suna zufa ta ce, "Ɗana, ni ba kokawa za ni yi ba. So nike in tsuguna gaban murhu in tashi, ba sai jikata ta ɗaga ni ba." Wata uku muka yi a kan dogon turmi. A ƙasarmu wanda ba ya iya tsuguno ya rasa rabin rayuwa. Da shi ake alwala, da shi ake cin tuwo, da shi ake kama ruwa, da shi ake gaida manya.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Lokacin Baba Maidanda ya rasu, na buɗe nawa filin a Dogon Dutsi, kuma Allah ya ba ni wani yaro daga Dumega, sunansa Gado. Ban taɓa riƙe ɗan kokawa kamarsa ba. In ya sunkuya ya kafa ƙafa, sai ka ce kututture. A kokawar kaka gwiwarsa ta dama ta gurɗe. Maɗori ya ɗaure, bayan wata ɗaya da rabi ya dawo yana tafiya garau. Saura kwana ashirin a tafi Dosso zaɓen waɗanda za su tsaya wa jaha a kokawar ƙasa, kuma duk ƙasar Arewa, wato yankinmu na Dogon Dutsi, ta sa ido a kansa. Ni ma ina son a ce yaron Tankari ne.

Na jiƙa gurbi, ya hau, ya yi talatin, ya fita da baya. Ko tsinke ban ɗauka ba. Dunduniyar hagu ta nutse, ta dama kamar kaza ce ta taka. Tazarar ta kai yatsa biyu. Gado ya juya zai ɗauki butar ruwa, sai na sa ƙafata na shafe sawun biyu, na ce, "Alhamdu lillahi, ka warke."

Laifi na biyu ya fi wannan. A kokawa, in abokin karawarka ya san gwiwar da ke ciwo, can zai sa maka ƙafa. Sai na yi dabara. Na sa tela ya ɗinka baƙin ƙyalle biyu, aka naɗe gwiwoyin duka biyun, kowace da laya a ciki, don kada kowa ya gane wace ce wace. Wanda ya ba da layun ya ce kada a kwance sai an gama kokawa, ni kuwa na ji daɗin wannan sharaɗi. Kwana ashirin ina ɗora wa Gado buhun rairayi a kafaɗa yana tsuguno, ban ga fatar gwiwarsa ko sau ɗaya ba. Wata safiya ya ce mini, "Maigida, ta hagun tana mini zafi in na tashi barci." Na ce ɗaurin ne ya matse.

A Dosso ya kada mutum na farko kafin makaɗa su gyara zama. Na biyu ya kama ƙugunsa ya tura. Gado ya sauka ƙasa-ƙasa yadda ya saba, nauyinsa da na abokin karawar duka suka ruga hagu. Ina bakin fili na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Makaɗa ba su sani ba, suka ci gaba da kiɗa. A likita, wato asibiti, da aka yanke ƙyallen da reza, gwiwar hagu, mai lafiyar, ta kumbura kamar ƙoƙo. Lokotoro ya tambaye ni tun yaushe take haka. Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa, kuma rashin sanin ni na ɗinka shi da hannuna.

Da muka dawo, wasu suka ce jifa ne, an tura masa doguwa. Wasu suka ce wannan magana shirka ce, ƙaddara ce kawai. Na bar kowa da abin da yake faɗa, tun da ba wanda ya ambaci sunana. Iyaye suka janye 'ya'yansu, wai filina akwai iska. A waccan shekarar mutum biyu suka rage mini, turamen suka zama wurin kwanan kaji. A hankali aka manta, mutane suka dawo. Gado kuwa ta dama ba ta gama warkewa ba, ta hagu ta lalace. Yana sayar da wake da gero a kasuwa, a kan wani dogon benci. A masallaci yana salla a kan kujera, can ƙarshen sahu. Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa, ina kwana, ina gajiya, ba mu taɓa wuce nan ba.

Bana aka kawo mini Isaka daga Sukukutane, ɗan shekara ashirin da uku. Tasa gwiwar hagu ce ta gurɗe. An yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, ba karaya, aka ce ya huta sannan ya motsa ta a hankali. Ya zo saura mako tara zaɓen Dosso. Ranar farko da ya sauka, ƙugunsa ya bar igiya ya gudu dama da faɗin tafin hannu. Na auna sawu, tazara yatsa uku. Tun ranar tuwo ya daina mini daɗi.

Muka fara daga dogon turmi, ba kaya a kafaɗa. Ya hau bulo da ƙafar hagu ita kaɗai, ya sauko a hankali ina ƙirga biyar. Na ɗaura masa roba a ƙugu ina jan sa dama, wajen da yake karkata. Kun sha tambaya me ya sa ba na jan sa hagu. In ka ja jiki inda ya riga ya nufa, sai ya yi gardama ya tura ɗaya gefen da kansa, kuma wannan turawar ita nake nema. Kowace safiya kuma sai ya naɗe wando na taɓa gwiwoyin duka biyun da bayan hannu, in ji ko akwai zafi. Yana ƙunƙuni yana cewa, "Baba, ta dama lahiyarta lau." Ni kuwa ita nake fara taɓawa.

A mako na huɗu tazara ta dawo yatsa biyu, muka sauka kan turmi na biyu. A mako na shida, wata safiya na auna na ga daidai. Na sake aunawa, daidai. Har na buɗe baki zan yi hamdala, sai na lura dunduniyar hagu ta nutse amma yatsun ƙafar ba su fito ba, kuma rairayi ya yi tudu a bayan dunduniyar. Tsuguno ba ya yin haka. Danna ta ya yi lokacin fita.

Na ce, "Isaka, ni kake yi wa wayo ko ƙafarka?"

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya. "Haba Baba, ɗan taimako na yi mata."

"Sake hawa. In ka gama kada ka motsa, ni zan ɗaga ka."

Na sa mutum biyu suka ɗauke shi cak daga gurbin. Yatsa ɗaya da rabi.

Makon nan shugaban kwamitin kokawa, wani Alhaji mai kirki, ya tsaya da mota a ƙofar gida ya ce, "Tankari, sunan yaron nan yana takarda fa. Kowa ya gan shi yana gudu bakin dutse, mi ya rage?" Na ce muna kan aiki. Washegari Isaka ya shigo da leda a hannu, ya zazzage ta a gabana. Baƙin ƙyalle ne guda biyu.

"An ce haka ka yi wa Gado, har ya kada na farko ba a gane ba. Dabara ce mai kyau, Baba. Da ba a jehe shi ba da ya kai ƙarshe."

Na ce ba zan ɗaura ba. Ya ce to zai ɗaura da kansa, filin kokawa ba nawa kaɗai ba ne a garin nan. Ya ce shekararsa ce, ƙarfinsa bai taɓa kai haka ba, ƙauyensu har an yi maganar motar da za ta kai mutane kallo. Na dube shi na ga ba zai ji maganar yatsa da tsinke ba. Abu ɗaya ya rage mini, wanda na ɓoye shekara goma sha ɗaya. Na ce ya sa takalmi ya biyo ni kasuwa.

Muka tarar da Gado yana auna wa wata mata wake. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari. Ya ce, "A'a, Maigida da kansa? Wake ko gero?" Na ce ba saye na zo ba. Na tsaya a gaban rumfar, maƙwabtansa suna ji, na faɗi duka: sawun, yatsa biyun, ƙafata da na sa na shafe, ƙyallen, da safiyar da ya ce mini hagu na zafi. Na ce ba jifa ba ne, ni ne.

Gado ya ƙulle wa matar ledarta ta tafi. Sannan ya ce, "Na gani."

Na ce, "Me ka gani?"

"Sawun. Da na duƙa ɗaukar buta, ta ƙarƙashin hannuna na gani. Na ga ka sa ƙahwa. Wallahi daɗi na ji, don ina son tahiya." Ya gyara zama. "Amma ni yaro ne lokacin, Maigida. Kai ne babba. Don ka hana ni anka kai ni wurinka."

Sai ya juya ga Isaka, ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne na Sukukutane? An ce kana da ƙarhi." Ya ɗauki tiyar awo ya sake ta ƙasa da gangan, ta gangara ƙarƙashin benci. Isaka ya yunƙura zai ɗauko, Gado ya ce, "Bari, ba aikinka ba ne." Ya jawo wata sanda mai lanƙwasasshiyar ƙusa a baki, ya yi ta laluben tiyar, ta kuɓuce, ya sake, ta kuɓuce, sai a na uku ya kamo ta. Mu biyu muna tsaye muna kallo. Ya busa ƙasar da ke jikinta ya ce, "Haka nike ɗaukar komi. Ɗiyata ƙarama in ta hwaɗi, sai in jira uwarta. Yaushe za a yi awon ƙarshe?"

Na ce saura kwana biyu a tafi za a yi.

Ya ce, "Zan zo. Kada wani ya ji ƙahwarsa tana ƙaiƙayi."

Maƙwabtan suka yi dariya, ni ban yi ba. Kafin la'asar labari ya zaga gari. Mutum uku ba su sake turo 'ya'yansu ba har yau, kuma ban ga laifinsu ba.

Isaka bai sake zancen ƙyalle ba. Makwannin da suka rage ya yi aiki kamar zai kashe kansa, har sai na ƙwace bulon na ɓoye. Muka sauka kan gajeren turmi. Wata rana yatsa ɗaya, wata rana ƙasa da haka, in ya gaji ta koma ɗaya da rabi. Ni kuma kullum ina lissafin kwanaki, ina cewa wataƙila, wataƙila.

Ranar awon, da hantsi, Gado ya iso a kan kabu-kabu, an ɗauro kujerarsa a baya. Ya sa aka ajiye ta a bakin gurbin, ya ɗora sandarsa a cinya. Alhaji ma ya zo. Na ɗora wa Isaka buhun rairayi a kafaɗa, tun da a fili nauyin mutum zai ɗauka. Goma na farko igiya tana tsakiyar bayansa, ba ta ko motsi. Na ashirin ma haka. Daga ashirin da uku na ga ƙugun ya fara zamewa, kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu. Aka ɗauke shi daga gurbin. Na durƙusa da tsinke. Sai da na auna sau uku. Yatsa ɗaya.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Wannan ai ba komi ba ne. Wa zai ga wannan?"

Ƙafata ta dama tana dab da sawun. Na ja ta baya. Na ce, "Ba zai je ba. In ya gaji yana gudu dama, kuma a Dosso sai ya gaji."

Isaka ya jefar da buhun. "Yatsa guda, Baba? Saboda yatsa guda? Laihinka na da za ka biya da shekarata?"

Na ce, "Wataƙila haka ne. Amma ba zan sa hannu ba."

Ya ɗauki takalmansa ko sawa bai yi ba, ya fita. Alhaji ya ce sunan yana takarda, in yaron ya zo tasha ba zai hana shi shiga mota ba. Gado ya ce a kira masa mai kabu-kabu. Da zai hau ya ce mini, "Yau ka yi aikinka, Maigida."

Kwana biyu ban ga Isaka ba. Ranar tafiya ban je tasha ba, ban kuma tambayi kowa ba, don ina tsoron amsar. Na ji ƙarar motar da kiɗan makaɗa suna wucewa ta bakin hanya, na zauna a kan turmi ina kallon leda da baƙin ƙyallen nan biyu, ina tunanin tela ba ya wuyar samu.

Washegari na dawo daga masallaci na ɗauki bokiti, sai na tarar an riga ni. An jiƙa gurbin, an bi shi da katako, ruwan ya ɗan yi yawa amma ba laifi. A tsakiya ga sawu biyu, da yatsunsu duka goma. Isaka yana zaune a kan matsakaicin turmi ya ba ni baya, wandonsa a naɗe har cinya, ashe bai shiga motar ba. Ko gaisuwa bai yi ba.

Ya ce, "Auna, Baba. Kuma ka tsaya nesa da ƙahwarka."

Na ajiye bokitin, na cire takalmi, na durƙusa daga gefe. Saura rabin yatsa. Na faɗa da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji, sannan na miƙa hannu na taɓa gwiwarsa ta dama. Da sanyinta.